Awa takwas a Baleta, da abin da ya dame ni game da Birninmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah ina roƙon ɗan fili, kuma a yi min haƙuri wasiƙar za ta yi tsawo, magana ce ta cika min ciki tun ranar da na dawo gida, na faɗe ta a majalisa bayan la'asar, abokai suka ce a'a Mushe wannan ba ta ƙofar gida ba ce kaɗai, ka rubuta ma jarida.

Ni tsohon malamin lakwal ne, haifaffen unguwar Birni a nan Damagaram. Babban ɗana yana aiki a Marsai ta ƙasar Faransa, shi ne ya nema min biza na je ganin jikoki, to ana saura sati biyu in dawo sai ya ce Baba na yanka mana tike za mu shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido, kwana bakwai. Wallahi kafin in gan shi ina tsammanin irin bato ɗin da muke gani a hoto ne, ashe gari ne guda ake turawa bisa ruwa, bene kan bene, mutum dubbai a ciki. Tsarin kuwa shi ne da dare ana tafiya, da safe a tsaya a wani gari a sauke ku, a ce ƙarfe kaza kowa ya dawo, wanda ya makara jirgi ba ya jiran shi. Mun tsaya garuruwa da dama na Italiya da Sifen, manya manya, amma wanda ya zauna min a rai shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, Baleta, babban birnin tsibirin Malta, su suna rubuta shi Valletta.

Bayan sallar asuba ɗana ya ce in fito waje in gani. Jirgin yana shiga bakin tashar a hankali kaman raƙumi zai durƙusa, hagu ganuwa dama ganuwa, duk na farin dutse mai ruwan ƙasa ƙasa, rana tana dukan su sun koma kalar zuma. Abin da ya fara zo min shi ne ganuwar Sarki Tanimun, wadda kakanmu ke ba mu labarin tsawonta, mu kuma muka taso muka tarar da guntayenta, yaranmu kuma ko guntayen da ƙyar za ka nuna musu.

Daga inda jirgi ya tsaya garin yana can sama bisa tudu. Akwai asansar, wato na'urar hawa sama da sauka, da aka gina jikin ganuwa, tsawonta mita 58, an buɗe ta a 2012, iro ɗaya muka biya kowa, wato kusan sefa 656, kafin ka gama bismilla ka isa sama cikin wani lambu da suke ce ma Barrakka. Daga nan kana ganin tashar duka da garuruwa uku na tsallake. Ka lura Edita, mutum ya sauka daga jirgi bai yi minti ashirin ba, ba tasi ba kabu-kabu, ga shi a tsakiyar babban birnin ƙasa. Duka duka garin bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, 0.61 ne, babban titinsu daga ƙofar gari zuwa ƙarshen garin a bakin ruwa inda sansanin San Elmo yake kusan kilomita ɗaya ne, ni da gwiwar nan tawa na taka shi na dawo. Titunan a miƙe suke sun ratsa juna kaman layukan dara, in ka tsaya a mararraba sai ka hango ruwa ta hagu ka hango ta dama, dan haka ko baƙo ba ya ɓata. Wahalar kawai matakala, dan garin hawa da gangara ne, mai ciwon ƙafa ya tsaya kan babban titi da na 'yan kasuwa da ke kusa da shi, sun ishe shi.

Tarihin wurin ya fi abin da na zata kusa da mu. A 1530 sarkin Sifen na lokacin ya ba wata ƙungiyar mayaƙan Kirista tsibirin Malta haɗe da Tarabulus, e Tarabulus ɗin nan dai da ayarin Damagaram ke kai fata da gashin jimina su dawo da takarda da takubba da turare. Turkawa suka ƙwace Tarabulus a 1551, sannan a 1565 rundunar Sarki Sulaiman na daular Usmaniyya ta zo ta kewaye Malta kusan wata huɗu ba ta ci ta ba. Shekara ta zagayo, 1566, shugaban mayaƙan nan mai suna Valette ya aza tubalin sabon birni, shi ne aka sa ma garin sunanshi. Mai yi mana jagora ta ba da labarin ne ta ɓangarensu, mu musulmi mu ne abokan gaba a ciki, ban ji daɗin wasu kalmomin ba amma ban ga laifinta ba, kakanninta take faɗa. Kuma ba ta ɓoye cewa akwai bayi musulmi masu yawa da suka yi aiki a tsibirin suka tuƙa jiragen mayaƙan ba, wannan ya burge ni, dan mu ma in za mu ba da labarin Damagaram da gaskiya dole mu faɗi cewa ayarin nan ba fata kaɗai ya kai arewa ba, har da mutane.

To ga abin da ya fara tsinka min zuciya. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata sai na ga mutane suna tururuwa zuwa lambun nan, ɗana ya ce mu koma za a harba igwa. A ƙasan lambun akwai igwoyi a jere suna kallon ruwa, wani cikin kakin soja irin na da ya fito ya yi bayani, sha biyu daidai ya harba guda ɗaya, ba harsashi, ƙara da hayaƙi kawai, suna sake yi ƙarfe huɗu na yamma. Shi ke nan fa. Amma ɗaruruwan mutane sun tsaya da wayoyi a sama, masu son sauka kusa sun biya kuɗi, masu sai da ruwa da kofi sun yi ciniki. Na tsaya ina tunani, mu fa Sarki Tanimun da ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884 a nan cikin Damagaram ya sa maƙera suka zuba mishi igwoyi, ba daga Turai aka kawo ba, hannun mutanenmu ne. Yaro nawa ne a lakwal ɗin garin nan ya san haka? Ni na koyar shekara da shekaru, na sani ba su da yawa.

Mun shiga babbar majami'arsu ta San Jan wadda aka gama a 1577. Daga waje ba ta da wani ado, ciki kuwa zinariya ko'ina, daɓen ƙasa duk kaburburan mayaƙan nan ne kusan 400 da aka rufe da marmara kala kala. Akwai wani babban zane na 1608 da mutane ke layi dan su gani, na kisan Annabi Yahaya alaihissalam, ni ban tsaya a nan ba tunda mu ba mu yarda da zana annabawa ba, kuma ba wanda ya matsa min. Abin da na ɗauka a wurin shi ne dokar ƙofa: mace ba ta shiga da kafaɗa a waje, kuma ba a shiga da takalmi mai tsinin dunduniya dan kar ya ƙwarzane daɓen. Baƙo da kuɗinshi ya zo amma su ne ke gindaya mishi sharaɗi, kuma yana bi. Masu cewa in an buɗe Birni ga baƙi tarbiyya za ta lalace su ji wannan.

Yanzu maganar abinci, wadda ita ce na san duk musulmin da zai yi irin wannan tafiya zai fara tambaya. Da hantsi mun sayi wani abu da suke kira pastizzi, kaman ɗan fanke ne mai ɓawo ɓawo yana ƙaras ƙaras a baki, cikinshi cuku ko dakakken wake kore, da araha sosai, shi ne abin karyawar talakansu. Amma a tambaya kafin a saya, dan wasu da man shanu ko magarin suke yi wasu kuma da kitsen alade, mu sai a shago na biyu aka ce mana magarin ne muka saya. Da rana ɗana ya so mu zauna a babban titi inda aka jera kujeru a fili, na duba farashin na ce a'a, nan na 'yan jirgi ne, mu gangara lungu inda 'yan gari ke ci, kaman yadda ba za ka ce ma baƙo ya ci tuwo a bakin tasha ba in ka san gidan da ake yin na kirki. Mun leƙa tsohuwar kasuwarsu mai rufin ƙarfe, Is-Suq tal-Belt, an gyara ta an sake buɗewa a 2018 ta koma wurin cin abinci, tsaf tsaf amma cike take, sai muka wuce wani ƙaramin restoran a gangare mai tebur bai fi takwas ba.

Abincin da suke alfahari da shi zomo ne, fenek suke ce mishi. Ni kuwa da na ji zomo na ce a kawo, tunda halal ne, ban yi tunanin komai ba. Muna magana da ɗana da Hausa sai wani saurayi baƙi da ke kwashe kwanoni ya tsaya cak, ya dawo ya ɗan russuna ya ce, "Baba sannu da zuwa, dan Allah kar ku ci zomon nan, da giya ake dafa shi, kuma ba yankan musulmi ba ne, ku ce a ba ku lampuki." Edita, jin Hausa a wannan lungu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Lampuki kifi ne da ake kamawa daga tsakiyar Agusta zuwa wajen Disamba, mu kuma a Oktoba muka je, an soya shi an zuba miyar tumatir da zaitun, namanshi fari ba ƙaya da yawa, ni da na saba da busasshen kifin tafkin Chadi ban taɓa cin ɗanyen kifin teku mai daɗin wannan ba. Aka haɗo da burodinsu ftira, zagayayye mai huda a tsakiya, an goga mishi tumatir an zuba man zaitun da kifin gwangwani. Wannan burodin fa, burodi kawai, a 2020 sun kai shi UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Na tuna kilishinmu da furar gero da alkaki na yi shiru. Abin sha kuma Kinnie, lemon kwalba ne nasu ba giya a ciki, yana da ɗaci ɗaci na ɓawon lemu, kurɓar farko ba za ka so ba ta uku ka fara nema. A ƙarshe saurayin ya kawo mana imqaret, soyayyen ƙulli da dabino a ciki, ya ce shi ya biya, na rantse ya rantse, dole na bari.

Da ya samu sarari ya zo muka ɗan yi hira. Ɗan ƙasarmu ne, ba zan faɗi garinsu ba. Ta Agadas ya bi, Sabha, Tarabulus, sannan kwale-kwalen roba. Ya ce Baba ruwan nan da kuka kwana a kanshi mu ma shi muka bi, ba duka muka iso ba. Tsakanin Malta da Libiya kilomita ɗari uku da 'yan kai ne. Na rasa me zan ce mishi, na yi mishi addu'a na ce ya riƙa kiran uwarshi. Da na tambaye shi me ya fitar da shi gida ya ce ba aikin yi. To a nan yana wanke kwanon mutanen da suka zo kallon tsohon gini, alhali ƙasarshi cike take da tsohon gini. Wannan maganar ita ta hana ni barci a jirgi daren nan.

Shi ne ma ya ankarar da ni yarensu. Ya ce Baba saurara da kyau za ka ji Larabci. Ashe Larabawa sun riƙe tsibirin daga 870 zuwa 1091, yaren Malta daga nan ya samo tushe duk da boko suke rubuta shi kuma Kiristoci ne. Ubangiji Alla suke cewa, azuminsu Randan, kasuwa suq, gida dar. Ranakun sati kuwa kaman ka ji ɗan Zango: Tnejn, Tlieta, Erbgħa, Ħamis, Ġimgħa, Sibt, Ħadd, wato Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Jumma'a, Asabar, Lahadi. Hamsin ɗinsu ma ħamsin ne. Rijiya ɗaya muka sha mu da su. Sallah kuma ban ga masallaci a cikin Baleta ba, ya ce babban masallacin yana Paola a wajen gari, lokaci ba zai kai mu ba, sai muka yi niyyar haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne, muka yi a jirgi. Duk mai zuwa ya shirya ma wannan tun kafin ya sauka.

Ba komai ne na yaba ba fa. In jirgi biyu ko uku suka tsaya rana ɗaya babban titi ya zama kaman kasuwar Dole ranar Alhamis, ba wurin aza ƙafa. Kuma mazauna birnin ba su kai dubu shida ba yanzu, gidaje da yawa masu barandar katako kore da ja sun koma masaukin baƙi, na ga tsofaffi jefi jefi a taga suna kallon mu, na ji a jikina cewa garin yana neman fin ƙarfin masu shi. Ni ba haka nake so Birni ta zama ba, a kori 'yan gida a bar bango. Ƙarfe uku da rabi muka sauka ta asansar, mun so shiga ƙananan jiragensu na katako da ke tsallakar da mutane zuwa Birgu, ɗaya daga garuruwan nan uku na tsallake, amma ɗana ya duba agogo ya ce Baba mu rufa ma kanmu asiri, muna hawa jirgi muka ji igwar ƙarfe huɗu.

To Edita ga inda na dosa. Baleta ta shiga jerin UNESCO na wuraren gadon duniya tun 1980, Agadas tamu ta shiga a 2013, Birni da fadar Sarkin Damagaram kuwa tun 2006 suna jerin jiran tsammani. Muna nan muna jira har Satumbar 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacinmu na ƙasa da ke Birni, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ni na yi sallah a ciki tun ina yaro riƙe da hannun mahaifina, ranar da ya faɗi na ga dattawa suna hawaye. Na san ginin ƙasa ba ginin dutse ba ne, nasu ruwa ba ya narkar da shi, namu kuwa sai da yaɓe duk shekara kafin damina, amma ai kakanninmu sun san haka kuma suna yi, gayya ake kira unguwa ta fito. Yanzu sai mutum ya samu kuɗi ya rushe zauren kakanshi mai zanen hannu da zanko ya dasa bulo da kwano, zafi ya ishe shi ya sayi fanka, maginan da suka iya zanen nan kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya gaje su.

Wani zai ce Mushe mu ina muka ga teku, ina jirgi, ga halin tsaro Turawa sun daina zuwa, ga ruwan sha ma sai mun bi 'yan ga-ruwa. Duk gaskiya ne. Amma ni ba Bature nake jira ba. Kano kilomita ɗari biyu da 'yan kai ce daga nan, mutanen Daura da Katsina da Maradi kullum suna shigowa biki da kasuwa da hawan sallah, ɗaliban jami'a ga su nan daga kowace jiha, su ne jirgin ruwanmu. Mutum ya zo da safe zai koma da yamma, awa takwas ɗin nan dai da na samu a Baleta, me muka tanadar mishi? Ba allo ko ɗaya da zai karanta a ƙofar gida ya san na wane ne, ba wanda zai nuna mishi inda matafiyin nan Barth ya sauka a 1852, ko ya ba shi labarin sojan Faransa Kazamaju da aka kashe a nan a 1898 da Sarki Amadu Kuran Daga da Faransawa suka kashe a 1899, ko ya gaya mishi cewa garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a mai da Yamai. In yunwa ta kama shi kuma ba wani wuri mai tsabta a cikin Birni da zai zauna a inuwa a kawo mishi fura da nono mai sanyi, tuwon gero miyar kuka, kilishi ya saya ya kai tsaraba. Daga fada zuwa duwatsun Birni zuwa masu dukanci zuwa Zango duk tafiyar ƙafa ce, ba ta fi ta Baleta ba. Allo da Hausa da Faransanci da ajami nawa zai ci? Samari goma a koya musu tarihin da kyau su riƙa zagayawa da baƙi ana ba su ɗan wani abu, mata biyar su haɗu su buɗe zaure ɗaya na abinci, wannan ba ya jiran kuɗin wata ƙasa.

Roƙona gare ku shi ne ku turo wakilinku wata ranar Alhamis tun da safe kafin rana ta yi zafi, da abin ɗaukar hoto. Ni zan tarbe shi a ƙofar fada, mu taka Birni lungu lungu in nuna mishi gidajen da suka rage da waɗanda na san damina mai zuwa ba za ta bar su ba, in kai shi wurin tsofaffin magina biyu da har yanzu suke da rai ya ji daga bakinsu, ku buga da hotuna mutane su gani. Furar ranar a wuyana take.

Naku,
Wani tsohon malamin lakwal,
Unguwar Birni, Damagaram.